Farin Yadin Da Ke Ƙarƙashin Adakar Iya

Assalamu alaikum Anti Halimatu Sa'adiya. Don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana. Yau kwana goma sha tara ke nan ina ɗauke da wata magana da na kasa furta ta da bakina ga kowa. Mutum ɗaya ce ta sani, ita ma ba faɗa mata na yi ba, rubutawa na yi a takarda na miƙa mata na gudu bayan ɗaki. Maganar ita ce: na sa almakashi na yanka likkafanin kakata, na ɗinka riga da shi, na sa na hau dandamali a gaban mutane, aka tafa mini. Kakar tawa kuma tana raye. Ga ta can a inuwar tsakar gida tana jan carbi yanzu da nake wannan rubutu, ba ta san komai ba.

Wallahi ban san likkafani ba ne. Amma bari in faro daga farko. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye, ban taɓa rubuta wasiƙa ba sai wadda malamin Hausa ya sa mu a aji.

Shekarata goma sha uku. Iyayena suna Barkiya, noma suke yi. Da na gama firamare bara sai Babanmu ya kawo ni Kurfi wurin mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Iya, don in shiga ƙaramar sakandare kuma in riƙa kula da ita, saboda yanar ido ta rufe mata gani, da hannu take gane abubuwa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Ni ke zuba mata ruwa a buta, ni ke ba ta ƙwayar hawan jini da safe, ni ke gaya mata wane ne ya yi sallama, ko hadarin da ya taso na ruwa ne ko na iska. Duk abin da na ce mata ga yadda yake, haka take ɗauka, ba ta sake tambayar wani.

Ni ba mai magana ba ce, Anti. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. 'Yan ajinmu kurma suke ce mini, ni kuma ba na tankawa, sai abin ya bi ni. Abu ɗaya na iya, shi ne zane. Yaya Surayya ce ta jawo mini shi. Ɗiyar Baffa Labaran ce, yayan Babanmu da ke zaune a Dutsin-Ma, kuma tana karatu a jami'a. In ta zo gaida Iya takan nuna mini finafinan zane na Japan a wayarta, waɗanda ake kira anime, masu manyan idanu. Ba na jin yarensu, Turancin da ake rubutawa a ƙasa ma kafin in haɗa baƙi ya wuce, amma ina gane wanda ke fushi da wanda aka zalunta. Daga nan na fara kwaikwayon zanensu a bayan littafin lissafi. Da hannuna ya faɗa sai na ƙirƙiro tawa yarinyar, na sa mata suna Mai Tsaron Rijiya. Tana sa hijabi da doguwar farar alkyabba, tana riƙe da takobi, ita kaɗai take gadin rijiyar garinsu don kada wani dodo ya shanye ruwan. Na cika littafi biyu da labarinta. Iya ba ta son abin ko kaɗan. Ran da ta ji muryoyinsu a waya cewa ta yi, "Ke Surayya, fitar mini da waɗannan 'yan aljanun masu kukan kyanwa daga ɗakina."

Wata biyu da suka wuce Yaya Surayya ta ce mini ɗalibai sun haɗa taron masu son anime da gem, wato wasannin bidiyo, da littattafan labarin zane, sun kama ɗakin taro a Dutsin-Ma, ranar wata Asabar. Ta ce akwai gasar shiga, kowa zai yi shigar wanda yake so a cikin labarai, har da ɓangaren waɗanda suka ƙirƙiro nasu da kansu, kuma ta riga ta rubuta sunana. Na ce mata ni ba zan iya ba, ko kashe ni za a yi. Bayan kwana uku sai na kama kaina ina neman farin yadi.

A ranar Iya ta ce in jawo adakarta daga ƙarƙashin gado in ɗauko mata mayafin da za ta je suna da shi. Ina cikin laluba sai na ci karo da wata leda a can ƙasa, an ɗaure bakinta. Na kwance. Farin yadi ne mai yawa, sabo fil, yana ƙanshin kafur. A tsakiyarsa ga farin zare, ga allura, ga 'yar kwalbar turare, ga sabulu, ga wani busasshen ganye a ƙulle. Anti, har cewa na yi a raina Allah ya kawo mini sauƙi, ga yadi ga zare ga allura wuri ɗaya. Na ɗauka irin ajiyar tsofaffi ce kawai, kamar kwanonin da ke jere a ɗakinta waɗanda tun da na zo ban ga an ci abinci a cikinsu ba. Ni ban taɓa ganin likkafani a ninke ba. A Barkiya in an yi rasuwa kora mu ake yi gidan maƙwabta, maza ne ke yankawa su ɗinka a waje.

Ban tambaye ta ba, don na san za ta ce me zan yi da shi, ni kuma ba ni da amsar da za ta karɓa. Na bari ta yi barcin rana bayan azahar, na ɗauko, na yanki fiye da rabi. Da na mayar da sauran sai na ga ledar ta saki, ba ta cika kamar da ba. Sai na ninke wani tsohon zanin gado na sa a ƙasa, na ɗora sauran yadin a sama, na ɗaure. Wannan kam tun a lokacin na san ba daidai ba ne. Ba zan ce miki ban sani ba.

Kwana biyar na yi ina ɗinki da hannu a bayan ɗaki, da allurar nan da zaren nan. Na jiƙa bula na zana igiyar ruwa shuɗiya a gefen alkyabbar tun daga wuya har ƙasa. Na yanka takobi da kwali na lulluɓe shi da takarda mai walƙiya. Na ce wa Iya za ni Dutsin-Ma in taya matar Baffa suyar gyaɗa. Har ta ba ni daddawa in kai musu, ta ce in gaishe su.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki wurin nan ba. Tun daga bakin ƙofa ƙarar janareta da ihun samari, sun zagaye manyan talabijin suna buga gem na ƙwallo da na faɗa, in wani ya ci sai ya tashi ya zagaye ɗakin da gudu. Wani dogo ya yi sulke da kwalin taliya, in ya juya sai ka ga rubutun kamfanin a bayansa. Wata ta ɗora kunnuwan mage a kan hijabinta tana tafiya abinta, ko a jikinta. Da aka kira azahar kowa ya tafi alwala, sai ga takubban kwali da garkuwoyi an jingine su a bango kusa da takalma. Ni dai ina maƙale a bayan Yaya Surayya, na riƙe mayafinta, ina jiran a fara yi mini dariya. Ba wanda ya yi.

Akwai wata mai suna Nana Fatima da ta baje littattafan labarin zane a kan tebur, ita ta zana su da hannunta, da Hausa, aka yi mata kwafi ta manne. Ta ga littafin lissafi a hannuna ta ce in ba ta ta gani. Ta riƙa buɗewa a hankali, shafi bayan shafi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe ta ɗago ta ce, "To ke, haka za ki bar mu? In dodon ya dawo da daminar fa, me za ta yi?" Tun da nake ba wanda ya taɓa tambayata abin da zai faru gaba a cikin wani abu nawa. Na tsaya na yi mata bayani, ni da ba na magana, har sai da Yaya Surayya ta juyo tana kallona baki buɗe.

Can sai aka kira ni dandamali. Mai gabatarwa ya miƙo mini lasifika ya ce in faɗi sunan wadda na yi shigarta.  Sai kawai na ɗaga takobin sama, na karkatar da kai yadda nake zana ta. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki tafi da ihu. Na zo ta biyu. Aka ba ni fensiran kala da babban littafin zane. A cikin turmutsutsun wata ta ɓarar mini da zoɓo a kafaɗa. Na zauna da rigar a ƙasa na ci shinkafa, na ja gefenta a cikin ƙura, mutane suka yi ta ɗaukar hoto da ni. Da la'asar na cire na cusa a jaka, na dawo Kurfi, Iya ta tambaye ni ko gyaɗar ta soyu, na ce ta soyu.

Haka aka yi makonni ban ji komai ba sai daɗi. Sai Inna Fatu, ƙawar Iya ta gidan da ke jikin namu, ta rasu da hantsi. 'Ya'yanta suka yi ta zirga-zirgar neman yadi, mai shagon ya tafi cin kasuwar wani gari, har aka jinkirta jana'iza zuwa bayan azahar. Abin ya tsaya wa Iya a rai. Washegari da ta gama shan koko ta ce, "Takwara, jawo mini adakar nan, ki ɗauko leda ta can ƙasa." Na ɗauko, duk zatona faɗa za ta yi mini kan yadi.

Ta ɗora ledar a cinyarta, ta shafa, ta kai hanci ta shaƙi kafur ɗin. Sai ta ba ni labari. Ta ce shekarar da kakana Alhaji Mamuda ya je aikin hajji, tun ba a haife ni ba, ya sayi yadi ɗaya dogo, ya wanke shi da ruwan zamzam da hannunsa, ya shanya a can, ya ɗauko ya kawo gida. Da ya dawo ya raba shi biyu a gabanta. Rabi ɗaya da shi aka lulluɓe shi da ya rasu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wannan rabin nata ne. Ganyen magarya ne na wanka, zaren da allurar na masu ɗinki ne don kada su wahala. Ta ce, "Ranar da na cika, kada ki bari su bazama kasuwa kamar na Fatu. Ke kika san wurin, ke za ki miƙa musu." Sannan ta tambaye ni, "Duba mini, yana nan da haskensa? Asu bai taɓa shi ba?"

Anti, na buɗe bakin ledar na kalli ɗan abin da ya rage a saman zanin gado, na ce, "Yana nan, Iya."

Ta laluba ta dafa kaina ta yi ta sa mini albarka. Ta ce Allah ya ba ni masu yi mini yadda nake yi mata. Ina durƙushe hawaye na zuba, ita kuwa ta ɗauka maganar mutuwarta ce ta sa ni kuka, har tana tsokanata wai in kwantar da hankalina, ba yanzu za ta bar mini gadon ba.

Tun ranar abinci ba ya shiga. In ta yi tari sai in zabura. In ta daɗe a barcin rana sai in je in tsaya ina kallon ƙirjinta ko yana motsi. Ina ta ganin ranar a idona: gida cike da mutane, su Baffa da Babanmu a zaure, a ce Takwara miƙo ajiyar, maza su kwance leda su zaro zanin gado mai hoton furanni.

Da na rubuta wa Yaya Surayya takardar, zama ta yi a ƙasa tana salati. Ranar Laraba ta shiga kasuwar Dutsin-Ma ta sayo farin yadin alawayyo mai tsawon wancan, ta roƙi zamzam a 'yar kwalba wurin wata Hajiya maƙwabciyarsu ta yayyafa, ta shanya, ta zuba kafur. Jiya Lahadi ta kawo mini a ɓoye. Ta ce in musanya in yi shiru har abada. Ta ce fari fari ne, Iya ba ta gani, zamzam kuma duk ɗaya ne. Ta ce mace mai hawan jini, in na gaya mata ta faɗi, wa ya kashe ta? "Ke so kike ki sauke nauyinki ki ɗora wa tsohuwa," in ji ta. Ta kuma ce in Baffa ya ji ita ce ta kai ni, wayarta ma sai ya fasa. Ban ga laifinta ba, tsoro take ji, kuma ni ma ina jin maganarta da gaskiya a ciki.

Sau biyu na durƙusa gaban adakar da sabon yadin a hannu. Na kasa. Na tuna za ta sake cewa in duba mata, watakila duk wata, kuma kullum sai in ce yana nan. Za ta tafi tana zaton rabin na Alhaji ne a jikinta, ni kaɗai na san na kasuwar Laraba ne.

Akwai kuma abin da ko a takardar Yaya Surayya ban rubuta ba, ke kaɗai zan gaya wa. Har yau in na tuna tafin nan, daɗi ne yake fara zuwa mini kafin kunya ta biyo. Wace irin yarinya ce ni? Na warware ɗinkin rigar, na wanke sau huɗu. Zoɓon ya kusa fita, bular ta ƙi. Fensiran ko feƙe su ban yi ba, kuma ina tunanin in sa littattafaina biyu a murhu, ko Allah zai ga na tuba. Shin zai yafe mini? Kuma in na faɗa mata, da wace kalma ake fara irin wannan magana ba tare da tsohuwa ta faɗi ba?

Jiya da Yaya Surayya ta fita alwala kafin ta kama hanya, na buɗe jakarta na sa sabon yadin a can ƙasa, na mayar da kayanta a kai. Ta tafi da shi ba ta sani ba. Har yanzu ba ta kira ba. Yanzu ba ni da abin musanyawa ko da zuciyata ta karaya.

Taki,
Wata ɗiya daga Kurfi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da zan fara ce miki shi ne ki tashi ki ci abinci. Mai kula da tsohuwa ba ta zama da yunwa.

Yanzu mu raba abin gida-gida, don kin tara komai wuri ɗaya kin ɗora a kai, ya fi ƙarfin wuyanki. Yanka likkafani ba da sani kika yi ba, kuma yarinya mai shekarunki da ba ta taɓa ganinsa a ninke ba, ba abin mamaki ba ne ta ɗauke shi yadin ɗinki. Wannan kuskure ne. Laifinki na gaskiya a wani wuri yake, kuma ke ma kin nuna shi da yatsa: kin ɗauki abin da ba naki ba ba ki tambaya ba, kin cusa zanin gado, kin ƙirƙiro suyar gyaɗa, sannan da makauniya ta aro idonki kika ce mata yana nan. Ba zan rage miki nauyin wannan na ƙarshen ba. Amma duk waɗannan laifuffuka ne da ake gyarawa, kuma mai haƙƙin tana raye, tana tsakar gidanku. Mutane da yawa sun so samun wannan dama ba su samu ba. Allah kuwa yana yafe wa wanda ya daina, ya yi nadama, ya nemi yafiyar wanda ya ɓata wa. Biyu kin riga kin yi.

Surayya ba muguwa ba ce. Tsoron da take ji kan hawan jinin Iya tsoro ne na gaske, kuma shi ya sa zan gaya miki yadda za a yi, ba kawai in ce je ki faɗa ba. Amma shawararta ba za ta yi ba. Iya ba yadi ta ajiye shekaru ba, rabon da mijinta ya yanka mata ta ajiye. In kun musanya, kun ɗauke mata shi karo na biyu, wannan karon da sani. Kuma ke ce za ki yi ta amsa tambayar nan da ƙarya har ranar da za ta daina tambaya, bayan nan kuma ba wanda zai iya yafe miki a madadinta. Da kika mayar da yadin cikin jakar nan kin yi daidai. Sai dai ki kira Surayya yau ki gaya mata, kada ta gano da kanta ta ji kin yi mata bayan fage.

Kada ki tunkari Iya ke kaɗai. Wannan magana tana buƙatar babba a wurin. Ki fara da Baffa Labaran ko Babanki, wanda kika fi iya haɗa ido da shi. In bakinki ya ƙi, ki yi abin da kika iya, ki rubuta ki miƙa, amma wannan karon ki tsaya, kada ki gudu bayan ɗaki. Zai yi faɗa. Ki bar shi ya yi, faɗa ba ya kisa. Surayya ma ta zo ta ɗauki nata kason, ita ce babba, ita ta kai ki ba da sanin gida ba. Ta taho da sabon yadin a fili, don gidan da ke da tsohuwa bai kamata ya kwana da zanin gado a cikin wannan leda ba.

Ku zaɓi safiya, bayan ta karya ta sha maganinta, tana zaune. Ki kawo guntayen da kika wanke da sauran da ke cikin ledar, ki sa mata a hannu, tun da da hannu take gani. Kin tambaye ni kalmar farko. Ki ce: Iya, ranar da kika ce in duba miki, ƙarya na yi miki, na zo in faɗi gaskiya. Daga nan ki faɗi abin da kika yanka da abin da ya rage. Kada ki fara da labarin taro da anime, zai zama kamar kina neman mafita. In ta tambaya sai ki faɗa, duka, har da dandamalin. Watakila ta yi kuka. Watakila ta yi kwana biyu ba ta kira ki Takwara ba. Ki ci gaba da zuba mata ruwa a buta kina ba ta magani a kan lokaci, kada ki matsa mata da neman yafiya kowace sa'a. Haƙƙinta ne ta ji zafi.

Ga wani abu da zai sanyaya mata rai, kuma gara ya fito daga bakin Baffa. Ba duka yadin ya tafi ba. Likkafanin mace ba ƙyalle ɗaya ba ne, yankawa ake yi kashi-kashi. Ku nemi malamin da Iya ta yarda da shi, ya duba abin da ya rage da guntayen da bula ba ta taɓa ba, ya faɗa muku abin da zai iya fita a ciki, a cike sauran da sabo. Shi ne kuma zai tabbatar mata da abin da malamai suka daɗe suna faɗa, cewa farin yadi mai tsarki ya wadatar, kuma aikin mutum ne ke raka shi. Amma ita za ta yanke yadda za a yi da kayanta, ba ke ba, ba Surayya ba.

Littattafanki kuma ki bar su inda suke. Murhu ba zai mayar da ko taƙi ɗaya na yadin Iya ba, kuma ba zanen ne ya yi mata ƙarya ba. Daɗin da kike ji in kin tuna tafi ba alamar mugun hali ba ne. Yarinya ce da aka daɗe ana kira kurma ta samu ɗaki guda na mutanen da suka saurare ta. Ni ban ga aibu a taron da aka yi da rana, aka tashi aka yi salla, aka watse da la'asar ba. Aibun shi ne hanyar da kika bi kika je. In an sake yi, ki tambaya da bakinki, ki faɗi inda za ki da wanda zai raka ki. In an ce a'a, ki haƙura, shekarunki goma sha uku, taro bai ƙare ba. Yadi kuma daga yau ko na goge tebur ne, a tambayi mai shi.

Kada ki ce sai Juma'a, kada ki ce sai an yi hutu. Kin fi ni sanin dalili, ke da kike tsayawa kina kallon ƙirjinta. Ki kira Baffa yau, ku zauna da Iya gobe da safe.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Iya a kanki, ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Allah ya sa a daɗe ba a nemi wannan leda ba.

Antinki,
Halimatu Sa'adiya.